Ramin da Na Matsar

Da sunan Allah, wanda ya san abin da ke ƙarƙashin ƙasa da abin da ke cikin ƙirji. Wannan babi na daɗe ina kewaye shi. Labarin ƙuruciyata da yadda na shiga aiki duk na rubuta muku ban sha wuya ba, amma wannan sau uku ina ɗaukar biro ina ajiyewa. Abin da ya zaunar da ni kuwa ba wani babban abu ba ne. Watan jiya ina kishingiɗe a soro, jikata Ummi ta bar famfo a buɗe a tsakar gida, ruwa yana ta malala, sai na ji uwarta ta ɗaga murya daga wajen murhu:

"Ke Ummi! Haladu ya buɗe ƙofa ne? Zo ki rufe mana famfon nan!"

Yarinyar ta taho da gudu tana dariya, tana cewa ita ba Haladu ba ce. Shekararta biyar. Ba ta san wane ne Haladu ba, uwarta ma ba ta taɓa ganinsa ba, a gidan nan ta tarar da maganar lokacin da aka kawo ta aure. Ku ma, 'ya'yana, haka kuka tashi kuna ji, in randa ta cika ta tumbatsa, ko yaro ya yi fitsarin kwance. Ni na san Haladu. Na kuma san bai buɗe ƙofar ruwa fiye da yadda aka ce ya buɗe ba. Yau zan gaya muku sunan da ya kamata a riƙa kira.

A shekarun tamanin, lokacin da ake ta faɗaɗa aikin noman rani tsakanin Kura da Bunkure, ni ne helman masu gwajin ƙasa. Karatuna bai wuce firamare ba, amma na iya rubuta lamba da kyau, na kuma san ƙasa. Ga yadda aikin yake. Kafin katafila ta taɓa ko'ina, 'yan safiyo za su bi layin da kanal zai bi su kafa fegi, kowanne da lambarsa. Mu kuma mu biyo baya da ƙarfen murɗe, wani dogon ƙarfe mai hannu biyu da baki kamar na ludayi. A gindin kowane fegi mutum biyu za su yi ta murɗa shi yana nutsewa, duk ƙafa ɗaya mu zaro, in ɗebi ƙasar da ya fito da ita in ɗaure a leda, in rubuta lambar fegin da zurfin. A littafina kuma in rubuta launinta da yadda take a hannu, jigawa ce, laka ce, ko marmara. Duk mako Landiroba ta kwashi ledojin ta kai ɗakin gwaji a Kano. Injiniya ba zai iya tsayawa a kan kowane rami ba, layin yana da tsawo. Abin da na ɗaure a leda da abin da na rubuta, da shi yake sanin ƙasar da zai ɗora wa ruwa. In na ce nan ƙalau ne, to ƙalau ne. Ina murza ƙasa a tafin hannu, ina sansana ta, wani lokaci har in ɗan tauna don in ji ko da yashi a ciki. Leburori suna yi min dariya, suna cewa Helma ya fara cin abincinsa.

Shekarar da nake ba ku labari, azumi ya faɗo a tsakiyar bazara. Ban taɓa gajiya irin ta wannan shekara ba, kuma ba ina faɗa don ku tausaya min ba ne. Muna fita da sassafe, kafin hantsi ƙarfen ya yi zafin da sai an naɗe shi da tsumma. Ƙasa ta bushe ta yi tauri, bakinmu ya bushe, ko yawun da zan jiƙa ƙasa in murza babu. Injiniya kuma kullum maganarsa ɗaya, a gama kafin ruwan sama ya sauka. Layin da muke bi wani reshen kanal ne da zai wuce ta yamma da Tsamiyar Kwari, garin mahaifiyarku. Ita kuwa tana can gidan iyayenta ta je haihuwar fari. Kai Abba, kai ne a cikin. Kakanku Malam Inuwa, Allah ya jiƙansa, da ya ji muna kusa, kullum da magariba sai an kawo mana kunu da ƙosai har inda muka yada zango, ni da leburorina shida. Ban taɓa roƙonsa ba, bai taɓa fashi ba.

Ku da kuke zama kujera ɗaya da surukanku kuna kallon ƙwallo, ba za ku gane yadda muke da shi ba. Tun daga nesa nake cire takalmi in durƙusa. Ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa kallon tsakiyar idonsa ba. Maganarmu ba ta wuce ina kwana, ina gajiya, Allah ya yi albarka. In yana da magana da ni, sai ya gaya wa matarsa, ta gaya wa mahaifiyarku, ita kuma ta gaya min. Haka muka taso, kuma har yau ban ga aibunsa ba, sai dai abin da ni na yi da shi.

Tun farkon aikin Injiniya ya shimfiɗa taswira a kan Landiroba ya nuna min layi biyu. Na ƙasa shi aka zaɓa. Na sama an ajiye shi ne ko da ƙasar na farko ba ta yi ba. Da na bi na saman da yatsa sai na ga ya raba gonar Malam Inuwa gida biyu, ya bi ta kan ɗorawarsa guda uku da duk garin suka sani. Na dai roƙi Allah a zuciyata ya sa layin ƙasa ya yi kyau.

Ya yi kyau har fegi na goma sha shida. Na goma sha bakwai yana cikin wani fili shimfiɗaɗɗe, ƙasa kaɗan da gonar kakanku, ba komai a ciki sai kututturen gero. Mun iso bayan azahar. Sauran leburorin na tura su gaba su share gindin fegi na gaba, muka rage ni da Garba Dogo, wani ƙaƙƙarfan mutum mai yawan barkwanci wanda muka daɗe tare. Ƙafa ɗaya, ƙafa biyu, ƙasar gona ce irin ta ko'ina. A ƙafa ta uku ƙarfen ya zurma da kansa, har Dogo ya kusa kifawa. Da muka zaro, abin da ya fito baƙi ne mai shuɗi-shuɗi, ga toka, ga laushi kamar dusa. Na kai hanci. Na yi shekara ashirin ban ji warin nan ba, amma nan take na gane shi.

Kun san ubana marini ne a Kura. Tun ina ɗan shekara bakwai nake kwashe katsi, wato dagwalon da ke kwantawa a gindin rijiyar rini. Wannan katsi ne. Muka ƙara ƙafa biyu, ƙarfen ya fito da gutsuren laso, irin wanda ake shafe cikin rijiyar da shi. Tsohon karofi ne, na mutanen da suka tashi tun kafin kakanninmu, rijiyoyin suka cike da toka da shara, aka yi ta noma a kai har aka manta. Kuma na san karofi ba ya zama da rijiya ɗaya. Jere ake yin su kusa da juna, kowacce ta fi tsayin mutum zurfi. A nan kuwa kanal ɗin a kan ciko zai tafi, za a tara ƙasa a yi gaɓa ruwa ya bi ta sama. Ɗora wannan nauyi a kan rijiyoyin da toka ce kawai a cikinsu, ko yaro ya san ƙarshensa.

Dogo ya murza ƙasar ya kalli yatsunsa.

"Helma, wannan kuma wace iri ce? Aljanu sun yi girki a nan ne?"

"Ɗauko ƙarfen," na ce masa.

Na tura ƙasar cikin ramin da ƙafa, na tattake. Na taka taku arba'in zuwa gabas, inda na hango suri mai jar ƙasa, na ce a nan za mu haƙa. Dogo ya tsaya da ƙarfen a kafaɗa, ya waiwaya ya kalli fegin, ya kalle ni.

"Helma, sha bakwai fa tana can. Nan sai dai ƙanwarta."

"Na gani."

"To ko azumin ne ya fara taɓa ka? In kai ka inuwa?"

"Dogo, kai murɗawa aka ɗauke ka, ni rubutu aka ɗauke ni. Murɗa."

Ya murɗa. Jar marmara ce mai kyau tun daga ƙafa ta biyu har ƙasa. Na ɗaure leda biyar, na rubuta goma sha bakwai a kan kowacce. Ina azumi na yi wannan. Na sha tambayar kaina me ke raina a lokacin. Wani ɓangare gajiya ce, don in na kai rahoton karofin, sai mun haƙa ramuka da yawa a filin mu gano iyakarsa, sannan mu koma layin sama mu fara daga farko, a cikin wannan rana. Amma babban abin shi ne, na kasa hango kaina ina kafa ƙarfe a gindin ɗorawar surukina, ina shan kununsa da magariba, garin duka suna cewa mijin 'yarsa ne ya kawo masa katafila. Na gaya wa kaina rola za ta danne komai. Na san ƙarya nake yi wa kaina tun kafin in gama faɗa.

Da magaribar ranar na je gaida mahaifiyarku. Ta fito soro da ƙyar, ta ajiye min ruwa da dabino, ta zauna tana haki. Da na miƙa hannu sai ta kama yatsuna ta duba.

"Malam, ka koma gadon gida ne? Dubi farcenka duk shuni."

"Ƙasa ce kawai," na ce, na janye hannuna.

"Af, na tuna. Baba ya tambayi Inna, Inna ta tambaye ni, wai ta ina ruwan nan zai bi? Ta gonarsa ko ta ƙasa?"

"Ki ce masa ta ƙasa. Ba abin da zai taɓa gonarsa."

"Ni ma haka na ce wa Inna. Na ce ai mijina yana nan."

Ta faɗa da alfahari, ni kuma na ji daɗi. Kwana uku ina goge farcen da toka kafin shuɗin ya fita.

Bayan mako biyu sakamako ya dawo daga Kano. Injiniya ya kira ni yana fara'a, ya ce layin nan kamar don mu aka halicce shi. Sannan ya yi tambayar da yake yi kullum, ba don yana zargina ba:

"Duk a kan fegi ka ɗeba ko, Helma?"

"Duk a kan fegi, ranka ya daɗe."

Da rani ya zagayo aka kawo katafila da rola. Suka kankare ƙasar sama, suka zuba ciko, suka danne. A bushe ƙasa ba ta nuna komai. Ranar da aka fara sakin ruwa, garin duka ya fito bakin gaɓa, yara suna bin kan ruwan da gudu. Ina tsaye can baya da takalmina a hannu, don kakanku yana gaba da wani amininsa. Ya daɗe yana kallon ruwan, sannan ya juya ya kalli gonarsa da ke tudu a bushe, ya ce da aminin nasa:

"Ka ga rabo. Ni da na so ta cikin tawa suka bi. Ko rabi suka ci, rabin da ya rage ya sha ruwa da rani. Ɗorawa ai ba ta ciyar da gida. Har tambaya na aika, aka ce min ta ƙasa za su bi."

Ban san yadda zan kwatanta muku abin da na ji ba. Tambayar da ya aika, ta bi bakin mata biyu kafin ta iso ni, ni kuma na ɗauke ta tsoro ne, ashe fata yake yi. Da na durƙusa gabansa sau ɗaya na tambaye shi, ko na aika a tambayar min shi, da ba a yi haka ba. Na yi ha'inci don in kare mutum daga abin da yake roƙon Allah ya ba shi. Kuma har a ranar ƙofa ba ta rufe ba. Da na je na gaya wa Injiniya, da an tsayar da ruwan an tona wajen an gyara. Watakila a kore ni, watakila a yi min faɗa kawai. Amma ga ka, Abba, kana rarrafe, ga sunana na mai gaskiya a wurin aiki. Na yi shiru.

Daga nan na kama wata ɗabi'a. Duk inda aiki ya kai ni, sai na san yadda na yi na biyo ta wajen da keke na duba gindin gaɓar. Shekarar farko ba komai. A ta biyu na ga wani wuri ya yi damshi, ciyawa ta yi kore shar alhali ko'ina a bushe. Na sauka na taka, ƙafata ta nutse. Na hau kekena na tafi.

Yanzu sai in gaya muku wane ne Haladu. Shi ne mai kula da ƙofar ruwa ta wannan reshe, wato shi ke murɗa ƙarfen da ke ɗaga ƙofa ya saki ruwa daga babban kanal. Ɗan garin ne, siriri, ba ya son hayaniya. Bai yi boko ba, lambobin da aka rubuta a jikin siminti don auna ruwa ba ya gane su. Saboda haka ranar da aka ba shi aikin ya sa aka nuna masa iyakar da ake so, ya tsoma sandarsa ta gora, ya yanka tsaga daidai wurin. Safe da yamma sai ya tsoma sandar. Manoma sun sha kai masa goro don ya ƙara musu ruwa, yana karɓa ya yi godiya, ya nuna musu tsagar.

Abin ya faru ne a cikin sanyi, alkama ta fara fitar da kai, tumatir ya fara nuna. Da hantsi gaɓar ta zauna daidai fegi na goma sha bakwai, ruwa ya ɓalle ya gangara kwari. Kafin a kai wa Haladu labari ya rufe ƙofa, ya riga ya shafe gonakin da ke ƙasa, ya kwantar da alkamar, ya binne ta da yashi da taɓo. Ba a rasa rai ba, Allah ya kiyaye. Amma mutane sun zuba duk abin da suke da shi a gonakin nan, akwai gidajen da ba su farfaɗo ba sai bayan shekaru. Na iso da azahar. Na tsaya a bakin inda ya ɓalle na leƙa. Ga su nan, bakunan rijiyoyi zagaye-zagaye kamar fasassun tukwane, ruwan da ya kwanta a ciki ya yi shuɗi. Mutane suna can kwari suna kuka a kan gonakinsu, ba wanda ya tsaya kallon abin da nake kallo. Washegari katafila ta zo ta cike wajen da duwatsu da marmara, don manoman gaba suna jiran ruwa.

Masu bincike ba su zo ba sai bayan mako guda. Injiniyan da muka yi aikin da shi an riga an yi masa canjin wuri. Suka zauna a ƙarƙashin tsamiyar garin, suka buɗe fayil, suka ga rubutuna: jar marmara mai ƙarfi. Suka kira ni, suka tambaye ni ko haka ne. Na ce abin da ke littafi shi na gani. To in ƙasa lafiya take, sai dai ruwa ne ya yi yawa ya haura gaɓa. Aka kira Haladu. Ya zo da sandarsa, ya durƙusa, ya nuna musu tsagar.

"Ranka ya daɗe, wallahi bai wuce nan ba. Da safen ma na tsoma."

"Wannan ce ma'auninka? Sanda?" in ji babbansu.

Aka yi dariya, har da wasu daga cikin manoman. Ina zaune ban fi taku biyar daga shi ba. Aka sallame shi daga aiki a ranar. Da aka watse na hangi Garba Dogo a jingine da Landiroba. Na nufe shi ban ma san abin da zan ce ba. Bai yi barkwanci ba. Ya dube ni ya ce:

"Kada ka damu, Helma. Ni murɗawa aka ɗauke ni."

Bai ƙara yi min wasa ba har ya bar aikin.

Korar ba ita ce ta fi yi wa Haladu ciwo ba. A garinsu yake, tare da mutanen da alkamarsu ta tafi. Aka daina amsa sallamarsa da kyau, yara suka mayar da sunansa abin tsokana. Duk abin da ya zube sai a ce Haladu ya buɗe ƙofa. Mahaifiyarku ta je ganin gida ta dawo da maganar. Ranar da ta fara faɗa a tsakar gidan nan, tulu ne ya fashe mata. Ta kalle ni tana jira in yi dariya, na yi. Da na hana ta, da ta tambaye ni dalili. Ta rasu ban gaya mata ba. Kakanku ma haka.

Sau ɗaya na sake haɗuwa da shi, bayan kamar shekara uku, a bakin titi a Garun Malam. Ya bar garinsu, yana lodin kwandunan tumatir a manyan motoci. Na so in kauce, ya riga ya gan ni. Ya ajiye kwando, ya goge hannu a riga, ya gaishe ni da girmamawa, ya tambayi iyali. Sannan ya ce:

"Helma, na daɗe ina so in tambaye ka, don kai ka san ƙasa. Ruwan da bai wuce tsaga ba, zai iya cin gaɓa haka? Ni dai abin ya tsaya min a rai. Wani lokaci har ina cewa ko na yi kuskure ne na manta."

Allah ya kawo min shi har gabana, ba fayil, ba manya, daga ni sai shi. Na ce masa:

"Malam Haladu, sha'anin ruwa sai Allah."

"Haka ne," in ji shi. "Haka ne." Ya sunkuya ya ɗauki kwandonsa.

Wannan amsar ta fi matsar da ramin nauyi a wurina. Na farko na yi shi cikin gajiya da kunya. Wannan kuwa da sanyin safiya na faɗa, cikina a ƙoshe.

Bayan haka ban sake matsar da rami ko da taki ɗaya ba. Na zama mai tsanani, in fegi ya faɗo a kan dutse, a kan dutsen za a haƙa. Leburori suka ƙi jinina, manya suka yaba min. Takardar yabon nan da kuka sa a gilashi kuka rataye a falo, wadda kuke nuna wa baƙi, daga nan ta samo asali. Ku sauke ta. Ba na ce ku yaga ba, na yi aikin, amma ku san abin da ke ƙarƙashinta.

Bayan maganar Ummi na sa aka yi min cigiya. Haladu ya daɗe da rasuwa. Ɗansa Sani yana gyaran injin ban-ruwa a Bunkure, uwarsa tana wurinsa. Na je ni kaɗai a motar haya. Na zauna a soronsu na faɗi duk abin da na rubuta muku nan. Sani bai katse ni ba. Da na gama ya ce shi a makaranta ba a taɓa kiransa da sunansa ba, ɗan mai buɗe ƙofa ake ce masa. Sai ya shiga ya fito da tsohuwar. Idonta ya tafi, tana dogara wata tsohuwar sandar gora da ta yi baƙi don daɗewa. Da ta zauna ta jingine ta a bango, sai na ga tsagar.

"Kai ne Helman?" ta ce.

"Ni ne, Inna. Na zo neman gafara."

"Ya ce min ka sani. Ranar da ya dawo daga Garun Malam ya ce, Helma ya san wani abu, na gani a fuskarsa, amma mai iyali ne. Ni na ce ya kai ƙara, ya ce da wace shaida, da sanda?" Ta lalubi sandar ta riƙe. "Ba ni za ka roƙa ba, mai abin ya tafi. Amma a gindin tsamiya aka yi masa dariya. Ka je can ka faɗa."

Na je ranar Juma'a, don masallacin garin yana gindin tsamiyar. Bayan an sallame na roƙi liman, na miƙe na faɗa. Na ɗauka za a zage ni, har na shirya wa hakan. Amma waɗanda alkamarsu ta tafi kusan duk sun mutu. Tsofaffi biyu ne suka girgiza kai suka yi salati. Sauran suna ta neman takalmansu. Wani saurayi da ke kusa da ni ya taɓa abokinsa, na ji yana cewa:

"Au, dama Haladun nan mutum ne?"

Na dawo gida na kwanta kwana biyu. Shekara kusan arba'in na riƙe maganar, har ta kai ba ta da sauran amfani ga wanda ya fi buƙatarta. Ban san yadda za mu ƙare da shi a gaban Allah ba. Ina yi masa addu'a bayan kowace salla, ku ma ku sa shi a taku, da sunansa, Haladu mai ƙofar ruwa, wanda bai taɓa wuce tsaga ba.

Abu ɗaya nake roƙonku. Maganar nan ta mutu a gidan nan, da gidajenku, da na 'ya'yanku. In kuwa bakinku ya saba har sai kun kira wani, to ku ce Helma ya matsar da rami. Jiya Ummi ta sake barin famfon. Uwarta ta buɗe baki, ta hango ni, ta yi shiru, don na riga na gaya mata. Na tashi da kaina, na taka a hankali har tsakar gida, na rufe.